Turnabis Mai Gwiwa Biyu

Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara biyar a Maine-Soroa, kuma ina so a san wannan tun da fari, don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka jahili ne ya aikata shi. Jahili ba zai iya irin wannan kuskure ba. Sai wanda ya zauna a kan benci, ya sha bulala, aka cusa masa doka a kai har ta yi saiwa.

Da na bar lakwal aka kai ni wurin wani mai gyaran agogo, daga baya na kafa teburina a kasuwar Diffa. Agogo, rediyo, tocila, wani lokaci gilashin ido idan ƙafarsa ta kwance. Shekara talatin da wani abu ina nan. Duk aikina a kan bis yake, wato ƙusar nan mai zare da ake murzawa, da turnabis ɗin da ake murza shi da shi. Dokar aikin kuwa ɗaya ce: in za ka ɗaure, bi hannun agogo, in za ka kwance, saɓa masa. Malamin lakwal ya faɗa mana ita da Faransanci, maigidana ya maimaita ta da Hausa da ranƙwashi. Na kwantar da agogo ya fi dubu a kan teburin nan, bis na kallona ina kallonsa, dokar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai salula ta shigo gari, ta haɗiye agogo da rediyo da tocila gaba ɗaya. Na kwashe kayana na dawo gida, na ajiye teburin a zaure. Ban ce na bar aiki ba. Cewa na yi na koma ofis.

Ina da aboki manomin tattasai, Babarbare, gonarsa a bakin kogin Komadugu gabas da gari, tun kakanninsa. Uwata Bafillata ce, wannan ya ba ni izinin in zage shi safe da yamma, shi ma ya rama, ba mai shiga tsakani. Shi ne ya laƙa mini Mushe. A bakin ƴan lakwal kalmar girmamawa ce, haka ake kiran malami. A bakinsa kuwa ban taɓa tabbatar da wanne yake nufi ba, malamin ko abin da ungulu ke sauka a kai, don in ya faɗa sai ya ɗan toshe hanci. Hausarsa kuma ba ta raba mace da namiji. Shekara arba'in yana ce mini ke, yana ce wa matarsa kai, ba wanda ya iya gyara shi.

Kowa a nan ya san shekarun tashin hankali da bakin kogi ya gagari masu shi. Abokina ya yi su a cikin gari, zaune a gindin bango, yana ramewa kamar ana yankar namansa. Mutum ne da bai iya zama ba. Shekarar da nake magana ita ce ta farko da ya koma gonarsa. Ya yi dashe da hannunsa, damina ta ɗauke, tattasai ya miƙe ya fara fure. Duk mai tattasai zai gaya maka cewa lokacin fure ba a wasa da ruwa. In ƙasa ta bushe ta tsage, furen zubewa yake, in kuwa fure ya zube, ganye kawai za ka yi ta shayarwa har ƙarshen shekara.

A daidai wannan lokaci injin ban ruwansa ya yi tari biyu ya mutu.

Kwana biyu ya yi yana yawo da shi wurin makanikai. A rana ta uku da hantsi na ji amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidana.

"Mushe! Fito, ke ce kika rage."

"Wato sai da kuka gama da masu hankali."

"Masu hankali sun ce a yanka. Ni kuma ba a yanka mini inji."

Muka sauke shi a zaure, ya yi mini bayani. Ciwon ba ɓoyayye ba ne, makanikai duka bakinsu ɗaya. A ƙarƙashin kabireta, inda esansi, wato fetur, ke haɗuwa da iska, akwai ɗan kofi na ƙarfe. Duk dattin man da ake saye a kwalba a nan yake kwanciya. A kwance bis ɗaya, a cire kofin, a wanke, shi ke nan. Aikin minti goma. To amma bis ɗin a gindin kofin yake, kansa na kallon ƙasa. Kuma shekarun baya injin ya taɓa faɗowa daga amalanke, gadon ƙarfen da yake zaune a kai ya karye, wani mai walda mai son alheri ya liƙa masa faffaɗan ƙarfe a ƙasa, ya ɗago shi ta gefe. Gyara ya yi kyau, injin ya zauna daram. Sai dai tsakanin ƙarfen nan da kan bis, yatsa biyu ne kawai ke shiga, su ma a kwance. Turnabis ba shi da inda zai tsaya. Kabiretar ma ba ta zamewa ta gefe, ƙarfen ya tare ta.

Na ce, "To a yanke ƙarfen mana."

"Shi ke riƙe da komai. In an yanke, wa zai mayar? Mai walda ya ce wuta kwana huɗu ba ta zo ba. In an tada shi ba ƙarfen, rawa zai yi har ya rabu biyu."

"A kwantar da shi a gefe in ga fuskar bis ɗin."

Ya dafe injin da hannu biyu kamar zan sace shi. Ya taɓa kwantar da shi sau ɗaya, baƙin mai ya malale ya shiga inda bai kamata ba, ya yi mako bai tashi ba. Tun ranar ya yi rantsuwa. Aro kuwa babu. Kowa tattasansa na fure, kowa injinsa na kuka daga safe har la'asar. Maƙwabcinsa ya ba shi na rabin yini, ya jiƙa fangalin da ke kusa da ruwa, sauran suna jiran Allah suna jiran ni.

"Kwana nawa zai iya?" na tambaye shi.

Bai yi wasa a nan ba. Ya ce, "Yau kwana bakwai rabonsa da ruwa. Ganye ya fara sunkuyawa da rana."

Na shiga ɗaki na ɗauko gilashina da kaye da regil, wato littafin rubutu da abin jan layi. Ba don ina bukatar su a lokacin ba. Mutum in ya kawo maka damuwa, ya kamata ya ga ka ɗauko wani abu.

Dabarata ta farko ita ce in gajarta turnabis. Na zaɓi wani tsoho, na yanke shi da zarto har ya koma kamar ƙwayar dabino. Ya shiga ramin lafiya, bakinsa ya faɗa tsagar bis. Sai dai da ya shiga, yatsuna ba su da wuri. Na cusa biyu, na kama shi kamar mai ɗaukar gishiri, na murza, ya zame ya faɗi. Na sake, ya sake. A karo na shida na bar fatar yatsana a jikin waldar. Abokina na tsugune yana kallo.

"Mushe, wannan a aji nawa ake koyar da shi?"

"A aji shida. Shi ne ban yi ba."

Da yamma, ina shafa wa yatsa man kaɗe, tunani ya zo. In turnabis ba zai iya tsayuwa ba, to ya durƙusa. A lanƙwasa shi, bakin ya kalli sama a cikin ramin, jikin ya fito waje a kwance, hannu ya kama daga nesa. Na zana shi a kaye da regil, na sa awo da milimeta, na rubuta sunan kowane sashe da Faransanci, na ja layi biyu a ƙasa. Har yau ina ganin wannan zane ya fi duk abin da na yi a lakwal kyau.

Washegari da sassafe muka tafi wurin maƙeri. Mutumin Najeriya ne, daga garuruwan tsallaken kogi. Ya zo da iyalinsa lokacin gudu, ya yi zama a sansanin Asaga, daga baya ya shigo gari ya kafa maƙera a bayan kasuwa da zuga-zugin da ya ɗinka da hannunsa. Ina kiransa Sarkin Ƙira, yana kirana Injiniya, dukanmu mun san ba a naɗa kowa ba. Na miƙa masa takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Injiniya, wannan lauje ne ko ƙugiya?"

"Turnabis ne."

"Wane ne?"

"Turnabis. Abin kwance bis."

Abokina ya yi masa nuni da hannu. Maƙeri ya ce, "Au, sukuddireba! Ku faɗi sunan abu mana. To me ya karya masa ƙafa?"

Na yi masa bayanin ramin. Na ce tsawon bakin milimeta goma sha biyar. Ya ce shi inci ya sani. Abokina ya ce shi bai san ko ɗaya ba, ya ɗaga yatsu biyu ya kwantar. Maƙeri ya kama yatsun, ya gwada su da tsinken tsintsiya, ya karya tsinken daidai. Awon da aka yi aiki da shi ke nan. Takardata kuwa ya ninke ta da ladabi ya ajiye a gefe, bayan ɗan lokaci na ga gefen nan kusa da wuta ne ƙwarai.

Na farko da ƙarfen gini ya yi shi, gwiwa ɗaya. Muka koma zaure, na sa, na tura. Bakin ya murɗe kamar alewa, bis ko gezau. Muka dawo. Maƙeri ya ce laifin ƙarfen ne, ba shi da zuciya. Ya shiga cikin tarkacensa ya fito da sifirin babur. A lokacin babura duk suna kwance a gidaje, an hana hawa, kayan jikinsu sun zama abincin maƙera. Ya gasa sifirin ya miƙar da shi, ya lanƙwasa.

Yana cikin bugu na tuna wani abu. Da na tura na farkon, kafin ya murɗe, jikinsa ya bugi ƙafar gadon injin. Wurin juyawar kaɗan ne, bai wuce rubu'in kewaye ba. In bis ya motsa, na ciro turnabis na dawo da shi baya, bakin ba zai sake samun tsagar ba, don ta riga ta karkace. Na faɗa wa maƙeri. Ya tsaya da masaba a sama.

"To a yi masa kai biyu," in ji shi. "Wannan gefe baki a miƙe, wancan gefe baki a gicciye. In wannan ya gaji, ka juya wancan ya karɓa."

Ina so in bayyana a nan, saboda tarihi, cewa wannan tunani yana kan harshena. Ya riga ni ne kawai saboda ni ina neman kalmar da Faransanci. Mun yi gardamar nan da shi ya fi sau ashirin, har yau bai amince ba.

Ya yi gwiwa ta biyu a ɗaya ƙarshen, ta kalli wani wajen. Ya fere bakunan da magagari, ya mayar wuta har suka yi ja, ya tsoma a baƙin mai, hayaƙi ya tashi. Abin ya fito tsawon taƙi ɗaya, baƙi, siriri, kamar mutum mai rarrafe. Na riƙe shi na ji nauyinsa a tafin hannu, na san wannan ba zai murɗe ba. Kafin azahar muna zaure. Abokina har ya aika a ce wa mai amalanke ya shirya, da la'asar ruwa zai shiga gona.

Na durƙusa a gaban injin. Ba na ganin bis, sai dai in lalubo. Na zura turnabis, na ji bakin ya zauna a tsaga, ƙyas, kamar an auna. Na dubi hannuna daga sama, na kawo fuskar agogo a zuciyata, na ce kwancewa za a yi, saboda haka a saɓa wa agogo. Na ja.

Bis ya ɗan motsa, kamar gashi ɗaya. Na ce, "Ya amsa!" Na juya ɗaya kan, na sake ja. Ya tsaya cak.

Daga nan har magariba ban samu komai ba. Na ce tsatsa ce. Na ɗiga masa kananzir da gashin kaza, na ce a bar shi ya kwana ya jiƙa. Aka sallami mai amalanke. Abokina ya tafi, da safe ya dawo daga gona kafin in gama karin kumallo. Ya buɗe tafin hannunsa a gabana. Furanni ne ƴan ƙanana farare, guda bakwai ko takwas, sun yi yaushi.

"A ƙasa na tsince su," ya ce. "Can ƙarshen gona."

Ranar bai kira ni Mushe ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na koma kan bis. Na zuba masa ruwan zafi. Na ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar wuƙa. Na sa man gyaɗa, na sa man keken ɗinki. Duk lokacin da na ja, sai in ji kamar yana ƙara kafewa. Wajen azahar na shafa kan bis da yatsa, na ji gefen tsagar ya fara cinyewa, ya yi santsi. In tsagar nan ta tafi, ba turnabis a duniya da zai kama shi, mai gwiwa ko marar gwiwa. Abin da ya cece mu har zuwa lokacin shi ne hannun mai gyaran agogo ba shi da ƙarfi. Da makanike ne mai damtse, da tun jiya ya gama da shi.

Abokina ya tafi masallaci, ni ina nan durƙushe a gaban injin. Sai uwar yara ta leƙo zauren da kwanon abinci. Ita sana'arta humra, turaren nan na mata da ake jiƙawa a ɗura a kwalabe, rabin amaren unguwarmu da ƙamshinta suka tare. Shekara talatin da bakwai muna tare, ba ta taɓa sa baki a aikina ba, sai dai ta ce in kwashe shi daga kan tabarma. Ta ajiye kwanon, ta tsaya tana kallon hannuna.

"Malam, ɗaurewa kake ko kwancewa?"

"Kwancewa."

"To."

Ta juya za ta tafi. Na san wannan to ɗin. Ba na yarda ba ne.

"Ke, mene ne?"

"Ba komai. Ni ban yi lakwal ba."

"Faɗi dai."

"Kan abin ina yake kallo?"

"Ƙasa."

Ta shiga gida, ta dawo da kwalbar humra cike, mai murfin murɗawa. Ta kife ta, murfi a ƙasa, gindi a sama, ta riƙe a gabana daidai tsayin kofin injin.

"Buɗe."

"Zai zube."

"Ba zai zube ba. Buɗe yadda kake yi wa wancan."

Na sa hannu a ƙarƙashi, na dubi hannun daga sama, na saɓa wa agogo. Murfin ya ƙara matsewa har ya yi ƙara. Na sake, da ƙarfi. Ya ƙara. Na tsaya. Na juya ɗaya wajen, wajen da duk ilimina ya ce ɗaurewa ne, sai ga ɗigon humra a tafin hannuna, sanyi, zauren duk ya ɗauki ƙamshi.

"Kullum in na ɗura sai na kife su in ga ko murfi na yoyo," in ji ta. "In yana yoyo a kife nake ƙara matse shi. Abu in ya kife, hannunsa ma kifewa yake. Na ɗauka kowa ya sani."

Na zauna a ƙasa. Dokar ba ta yi ƙarya ba. Agogon ne nake kallo ta ƙeya. Kwana ɗaya da rabi, da turnabis mafi kyau da aka taɓa ƙerawa a bayan kasuwar Diffa, da kananzir, da man gyaɗa, da addu'a, ina ɗaure bis ɗin abokina.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun jiya na yi zato, da na kawo ruwa. Na ce wataƙila na inji dabam ne. Kai ne mai gilashi."

Ta matse kwalbarta, a kife, ta shige.

Na goge hannu, na zura turnabis, na zaɓi kan da ya fi kama abin da ya rage na tsagar. Na danna shi sama da babban yatsa don kada ya zame. Sai na tura wajen da zuciyata ke ihu kada in tura. Bai motsa ba, don ni da kaina na kafe shi. Na ƙara, a hankali, ina jin bakin na neman hawa gefen da ya cinye. Na yi bisimilla na ba shi duk ɗan ƙarfin da Allah ya bar mini. Ya yi ƙas. Na juya kan gicciye, ya karɓa. Na juya na miƙe, ya karɓa. Rubu'i rubu'i, kai na miƙa wa kai, har bis ya faɗo a tafin hannuna da kofin a bayansa.

Abin da ke cikin kofin, da an shuka gero da ya fito. Yashi, ruwa, da wani jan abu kamar kunu. Na wanke. Sama da kofin akwai ɗan rami da man ke bi, ƙanƙane kamar idon allura, a toshe. Wannan kam aikina ne na gaske. Na zare silin waya ɗaya daga tsohuwar rediyo, na bi ramin da shi a lalube har ya buɗe. Na ɗauki magagarin agogo na zurfafa tsagar bis. Wajen mayarwa sai da na tsaya na kife kwalba a zuciyata kafin in murza.

Abokina ya dawo ya tarar da inji a haɗe. Ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya kama da ruri, kajin gidan suka watse. Ya daɗe tsaye hannunsa a kan tankin, yana jin rawar injin. Sannan ya shinshina iska.

"Mushe, humra kika zuba masa?"

Na ce sirrin sana'a ne. La'asar ta riga ta yi, amalanke ba zai kai ya dawo ba kafin lokacin da doka ta ce a bar bakin kogi. Sai gobe.

Da asuba na bi shi, a kan amalanke, ina riƙe da injin kamar jariri. Muka kafa shi a gaɓa, aka jefa tiyo a ruwa, aka ja igiya. Ruwan Komadugu ya hau ya bi magudana, ƙasa na shan sa tana ƙara kamar ana soya abu. Abokina na gaba da fartanya, yana buɗe wa fangali baki, in ya cika ya toshe ya buɗe na gaba. Na kusa da kogi lafiya lau. Na tsakiya sun sunkuya amma furensu na nan. Da muka kai ƙarshen gona, wurin da ƙasar ta fi tudu, sai ya rage sauri. Fangali biyar, ƙarƙashin kowane tsiro fari fat da fure, kamar an watsa shinkafa. Ya tsuguna ya ɗaga wani reshe, ya duba, ya sake shi.

"Shekaranjiya waɗannan suna riƙe," ya ce, ba da ni yake ba.

A hanya na riga na shirya abin da zan faɗa in an tambaye ni. Zan ce bis ɗin na hagu ne, haka masu injin suka yi shi, kuma ba kowa ke gane irinsa ba. Magana ce mai kyau, ba wanda zai bincika, uwar yara kuma ba mai yawan zance ba ce. Amma ban shirya ganin fangali biyar ɗin nan ba.

Na ce, "Shekaranjiya da la'asar ya kamata ruwan nan ya zo. Turnabis ɗin lafiyarsa lau. Ni ne na yi ta ɗaurewa ina cewa kwancewa nake."

Ya ɗago ya dube ni. Na gaya masa duka, da agogon, da kwalbar, da wadda ta riƙe kwalbar. Ruwa ya iso ƙafafunmu, ya toshe, ya buɗe na gaba, sannan ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Kwana biyu," ya ce.

"Ɗaya da rabi."

"Kwana biyu kina ɗaure mini inji. Da gilashi."

"Da gilashi."

Ya juya ya dubi sauran gonar, daga tudun har gaɓa. Fangalin da suka tsira sun fi waɗanda suka zube nesa ba kusa ba, ganyen na farko har sun fara ɗagowa. Ya daɗe yana kallo. Ni dai ina tsaye cikin laka, takalmina ɗaya ya nutse.

"Waɗannan biyar za su sake fure," ya ce. "A makare, kaɗan. Ba kamar na farko ba." Ya miƙo mini fartanyar. "Naki ne. Ke za ki shayar da su har a tsinke, duk ranar ruwa. Abin da suka bayar kuma a kai wa mai humra, ba ke ba."

Na karɓa. Ban taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba tun ina yaro, ya kuwa gani. Ya nuna mini bakin fangali na gaba da ƙafa.

"Buɗe nan. A'a, Mushe, nan. Tsaya in kife miki gonar ko za ki gane."

Na sunkuya na sara, ruwa ya shiga.